Malam Na Magana, Aji Na Cin Kasuwa: Koken Malamai Kan Rashin Jin Ɗalibai

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin malamai lokacin tara, a makarantar gwamnati ta Kano ko Gusau ko Bauchi, ya san hira biyu ake juyawa a wurin: ta albashi da ta yara. Ta albashi ba ta da tsawo. "An yi alat?" "Tukuna." Sai a yi tsaki a wuce. Ta yara kuwa ba ta ƙarewa. Wannan zai shigo murya a dishe, ya wurga alli a kan tebur, ya ce 'yan aji biyar sun kusa sa masa hawan jini. Waccan za ta ce ita kam ta daina ɗaga murya, mai ji ya ji. Can sai wani dattijo da ya kusa ritaya ya girgiza kai, ya yanke hukuncin da kowa ya haddace: yaran yanzu ba su da tarbiyya.

Idan ka matsa ka ce, to malam, takamaimai me suke yi, amsar takan zo da ban mamaki. Ba da labarin wuƙa ko dambe ake farawa ba, ko da yake akwai su. Surutu ne a kan gaba. Malam ya juya zai yi rubutu a allo, kafin ya kai ƙarshen layi bayan aji ya kaure. "Malam, ya ɗauke min biro." "Malama, ta mintsine ni." "Malam, zan je in kama ruwa." Wani ya makara, maimakon ya shigo ta ƙofa ya yi sallama sai ya diro ta taga, aji ya fashe da dariya. Wani yana kwaikwayon tafiyar malam, wani yana kiɗa da benci, wata tana lissafin cinikin alewar da ta ɓoyo a hijabi. Kowanne cikin waɗannan bai kai a kira shi laifi ba. Sai dai idan suka taru cikin darasi na minti 35, abin da ya rage wa karatu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa har yau ba a rabu da tsohuwar al'adar nan ta ba monita takarda ya rubuta sunayen masu surutu ba, duk da kowa ya san monita ba ya rubuta sunan wanda ya fi shi ƙarfi ko wanda ke sam masa awara.

Wannan kuka bai tsaya a kan malamanmu ba. A Ingila, jim kaɗan bayan an haramta bulala a makarantun gwamnati, an kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Elton don ya binciki tarbiyya a makarantu, a lokacin da ake ta yayata cewa ɗalibai na dukan malamai. Da rahoton ya fito a 1989, sai ya nuna cewa duka bai yi yawan da ake zato ba, abin da ke cinye malamai shi ne ƙananan abubuwa masu maimaituwa, musamman magana ba tare da izini ba. A 2014 hukumar duba makarantu ta ƙasar, Ofsted, ta yi ƙiyasin cewa irin wannan ƙaramar hayaniya na iya cinye wa ɗalibi har awa guda a kowace rana, kwatankwacin kwana 38 na karatu a shekara. Binciken da ƙungiyar OECD ta yi wa malaman ƙananan sakandare a 2018 shi ma ya gano cewa, a matsakaici, kashi 78 cikin 100 na lokacin darasi ne ke tafiya a koyarwa, kashi 13 kuma a ƙoƙarin tsawatarwa. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka tambaya. Amma a tuna, a Ingila doka ta hana ajin ƙananan yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai ya wuce mutum 30. Idan mai yara 30 da kujeru da littattafai yana kuka, sai a auna halin wanda ke tsaye a gaban ninkin haka sau uku.

Aji ko filin taro

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a firamare malami ɗaya yara 35 zai riƙe. A manyan makarantun cikin gari na Arewa, aji mai yara 100 ba labari ba ne. Tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976, zuwa shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, gwamnatoci sun fi iya kiran yara su zo makaranta fiye da gina inda za su zauna. Kano ta sake shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019, yara suka ƙaru. A watan Yunin 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce ɗalibai sama da miliyan 4.7 a jihar a ƙasa suke zama su ɗauki darasi.

Wanda bai taɓa koyarwa ba zai ɗauka bambancin yara 35 da 100 yawan aikin maki ne kawai. Malamai sun san ya wuce nan. A aji mai yara 100 babu hanyar da malam zai bi ya kai bayan aji, domin gwiwa na gogar gwiwa tun daga gindin allo har bango. Duk duniyarsa taku uku ce a gaban allo. Yaron da ke can ƙurya ba ya jin abin da ake faɗa, ba ya ganin abin da aka rubuta, allon ma ya koɗe. Ƙafarsa ta yi sanyi saboda zaman ƙasa, ya miƙe ta, ta taɓi na gabansa, faɗa ya tashi. A watan Afrilu kwanon rufi yana zubo zafi, silin ya daɗe da zubewa, don haka karatun ajin da ke maƙwabtaka yana shigowa ta sama. Ga kuma babbar matsala: malam bai san sunayen yaran ba. Yaron da ya tabbata malam bai san sunansa ba, abin da zai ji kawai shi ne "kai, kai mai jan hular can", ya san ya ɓace cikin taro, kuma yana yin abin da ya ga dama.

Wani masanin ilimi Ba'amurke, Jacob Kounin, ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwa da dama ya yi nazari, ya wallafa sakamakon a 1970. Abin da ya gano shi ne, malaman da ajinsu ke da natsuwa ba su fi sauran iya hukunci ba. Inda suka sha bamban shi ne suna ganin ɓarna tun tana tasowa, su kashe ta da kallo ko da kiran suna ko da matsawa kusa da yaron, kuma ba sa barin darasi ya yi gibin da yara za su cike da wasa. Tsofaffin malamanmu sun san wannan ba tare da sun karanta shi ba. Shi ne abin da ake nufi idan aka ce malam wane yana da ido a ƙeya. To amma duk wannan dabara tana buƙatar malam ya ga kowa, ya san kowa, ya iya isa wurin kowa. Cunkoso ya ƙwace masa ukun gaba ɗaya, ya bar shi da maƙogwaro da tsumagiya.

"Daga gida abin ya lalace"

Duk da haka, idan ka tambayi malami musabbabin rashin jin yara, da wuya ya fara da cunkoso. Gida zai fara nunawa. Kuma yana da hujja. Malamai na cewa akwai uban da tun ranar da ya kawo yaro aka rubuta sunansa bai sake taka makarantar ba, bai san ajin ɗansa ba, ba ya zuwa taron iyaye da malamai, in an aika masa takarda ba ta isa. Amma ranar da aka taɓa yaron, kafin a tashi ya iso, wani lokaci da 'yan rakiya, yana tambayar wane ne ya isa. A gaban ɗalibai ake yin wannan, kuma daga ranar malamin ya gama yawo a idon ajin. Tsofaffi na tuna lokacin da yaro ke ɓoye bulalar makaranta don kada a ƙara masa wata a gida, lokacin da maƙwabci ke iya tsawatar wa ɗan maƙwabcinsa saboda ɗa na kowa ne. Yanzu, in ji su, kowa nasa ya sani.

Tsoron da malamai ke ji ba na banza ba ne. A ƙarshen 2021 hare-haren da ɗalibai da 'yan daban haya ke kai wa malamai sun yi yawa a Jihar Ogun har gwamnati ta sa iyaye su sa hannu a takardar alkawarin cewa 'ya'yansu za su kiyaye doka. A Oktoban 2023 jaridu suka ruwaito rasuwar wani malamin sakandare a yankin Agbor na Jihar Delta, bayan mahaifin wani ɗalibi ya far masa a kan ya hori ɗansa. Irin waɗannan labarai na yawo a wayoyin malamai, kuma kowa na ɗaukar darasinsa: kama kanka, albashin bai kai a mutu a kansa ba.

A makarantun kuɗi kukan wani iri ne. Azuzuwa ba su cika cunkoso ba, amma yaro kwastoma ne. Malamin da ke karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba ya san idan uwa ta kira mai makaranta ta ce za ta cire 'ya'yanta uku, shi za a sallama. Yaran ma sun sani. Akwai malaman da ke cewa gara ƙiriniyar ɗan talaka, wanda in ka daka masa tsawa zai natsu, da rainin yaron da ya san kuɗin makarantarsa na zango ɗaya ya fi albashin malam na wata uku.

A sakandare kuwa abin ya tashi daga ƙiriniya ya koma gagara. Nan ake samun 'yan bayan aji da suka fi malam tsawo, masu shigowa da waya su sa abin ji a kunne, masu tsallake katanga bayan tara su tafi gidan kallon ƙwallo. Malamai mata a makarantun maza, da matasa 'yan bautar ƙasa da ba sa jin Hausa, su suka fi shan wahala: a laƙaba musu suna, a yi ta gunaguni da harshen da ba su fahimta, aji na dariya. Sai kuma shaye-shaye. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton binciken BBC, amma ƙwaya da sholisho ba su bar unguwanni ba, kuma makaranta a cikin unguwa take. Malamin da ke zargin ɗalibinsa na tare da 'yan daba yakan yi lissafin hanyar da zai bi ya koma gida kafin ya buɗe baki.

Abin da ba a cika faɗa ba

Duk wannan gaskiya ne. Amma a ganina rabin labarin ne, kuma sauran rabin yana cikin bayanin malaman kansu, in aka saurare su da kyau.

Ɗauki yunwa. Malaman firamare za su gaya maka ajin ƙarfe takwas daban, na sha ɗaya daban. Yaron da ya fito bai karya ba, ko dai ya kwanta a kan jakarsa ko ya fara neman faɗa. Shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane kwano, ya sha suka, kuma ya jawo nasa rikicin, domin wasu yaran na ci su gudu. An dakatar da shi a Janairun 2024. Ga kuma gajiya. Akwai yarinyar da ta yi tallar dare, ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta je makarantar allo, sannan ta zo boko, da yamma kuma Islamiyya na jiranta. Idan ta yi gyangyaɗi a darasin lissafi sai a ce rashin tarbiyya.

Abin da ya fi waɗannan girma shi ne rashin fahimta. A makarantunmu yaro na wucewa aji na gaba ko ya iya ko bai iya ba. Saboda haka a aji biyar za ka samu wanda ke karanta labari, da wanda ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, da wanda sunansa ma zana shi yake yi. Malam kuma manhaja ke gabansa, dole ya gama ta kafin jarrabawa, da Turancin da yawancin yaran ba sa ji a ko'ina sai a aji. Tsohuwar manufa ta ce a koyar da harshen gida a shekaru ukun farko. A 2022 aka ce a kai shi shekara shida. A Nuwamban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta soke, ta ce a koma Turanci. Ana ta wannan kai-komo a Abuja, yaro na zaune a ƙasa awa biyar yana kwafar abin da bai san ma'anarsa ba. Babba ma, in ka zaunar da shi awa biyar ana yi masa lacca da harshen da ba ya ji, zai nemi abokin hira. Yawancin abin da ake kira surutu, hirar waɗanda darasi ya wuce ya bari ce. Wasu ma da gangan suke tsokana, don gara a ce da yaro mara ji da a kira shi daƙiƙi a gaban abokansa.

Akwai kuma waɗanda ba sa shiga lissafi sam. Tun a 1928 wani mai bincike a Amurka, E. K. Wickman, ya ba malamai da masana halayyar yara jerin ɗabi'u ya ce su jera su gwargwadon muni. Malamai suka sa abubuwan da ke fitowa fili a sama, irin su sata da ƙarya da rashin biyayya. Masanan kuwa suka fi damuwa da yaron da ya janye jikinsa, mai tsoro, mara magana. Kusan shekara 100 ke nan, amma je ka ofishin malamai ka ji sunayen da ake ambata. Ba za ka ji na yarinyar da ke zaune a lungu shiru tun farkon zango ba, wadda ba ta ganin allo saboda idonta na buƙatar tabarau, ko ba ta ji sosai, ko wani abu na damunta a gida. Ita "mai hankali" ce, ba ta da matsala. Wata rana za a ga ba ta zo ba, kuma shi ke nan.

Malamai ma suna da nasu kason, kuma masu gaskiyar cikinsu ba sa musu. Mafi yawan faɗan da ke kaiwa ga fashe kai a ajin da babu malami yake faruwa: malam ya makara, ko ya ba monita littafi ya kwafa wa aji a allo shi kuma ya tafi neman na cefane a kan babur, ko malama na ofis tana nuna atamfofin da ta kawo bashi. Wanda ya san yadda albashin malaman firamare yake ba zai yi saurin zagi ba. Malaman firamare na Abuja kansu sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Amma yara ba su san wannan ba, abin da suka sani babu kowa a gaban allo. Sannan malamin da bai san darasinsa ba ya fi kowa saurin fushi, domin tambaya ma raini yake ɗaukarta. Jarrabawar da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, wadda ta ce 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, ta jawo jayayya da yajin aiki, kuma ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka yi ta. Duk da haka ta taɓo wani ciwo da kowa ya san yana nan.

Rigimar bulala

Babu inda ra'ayin malamai ya fi zafi kamar nan. Da yawansu, wataƙila mafi yawa, suna ganin ɗan Afirka sai da bulala, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma da ita aka rene mu ga shi mun zama mutane. Wasu har suna kawo maganar nan da ake yi a makarantun allo, wai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Doka ma ba ta fito ta raba gardama ba. Sashe na 55 na kundin Penal Code da Arewa ta gada ya ba malamin makaranta damar horon yaron da aka damƙa masa, muddin bai yi masa mummunan rauni ba. A gefe guda jihohi na ta hanawa: Nasarawa ta haramta duka a makarantunta a 2017 bayan wani bidiyon bulala ya bazu, Legas ma ta hana ta ce a koma nasiha. A 2021 bidiyon dukan da aka yi wa ɗaliban wata makarantar Arabiyya a Jihar Kwara ya tayar da hankalin ƙasa baki ɗaya. Yau kowane malami ya san akwai waya a aljihun wani.

Abin lura shi ne, taƙaita duka ba baƙon ra'ayi ba ne da Turawa suka kawo. Muhammad bin Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan a ƙarni na 9, ɗan mai littafin Mudawwana, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai inda ya taƙaita horon yaro a kan bulala uku, ƙari sai da izinin uba, kuma ya hana dukan kai da fuska. Ibn Khaldun a ƙarni na 14 ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa na cutar da ɗalibi, tana koya masa kasala da ƙarya da munafunci, domin zai riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannu. Wanda ya yi makarantar kwana ya san gaskiyar wannan. Ya kuma san ɗalibin da aka daka har ya daina jin zafi, wanda ke miƙa hannu yana murmushi, ya koma wurin zamansa gwarzo a idon abokansa. Daga ranar da yaro ya kai nan, malam ba shi da sauran makami. Tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a rana su ma haka suke ƙarewa. Mafi muni shi ne dukan aji gaba ɗaya saboda an rasa mai laifi, wanda ke koya wa yaron kirki cewa natsuwarsa ba ta da amfani.

Amma akwai magana ɗaya ta malamai da ban ga wanda ya amsa ta ba. Suna cewa: an karɓe bulala, me aka ba mu? Takardar umarni na zuwa daga ma'aikata cewa kada a taɓa yaro, a yi masa nasiha. Wa zai yi nasihar? Manufar ilimi ta daɗe da tanadar malamin ba da shawara a makarantu, amma a inda ake da shi ma, sau da yawa an ɗora masa darussa kamar kowa. A kwalejin ilimi an koya wa mai NCE sunayen masana da ra'ayoyinsu don ya ci jarrabawa, ba a tsaya an nuna masa yadda zai yi da yara 100 da alli guda ba. Hana duka daidai ne. Hana shi da takarda kawai, a bar malam da cunkoson da yunwar da manhajar, shi ke haifar da malamin da ya ce "ni ba ruwana", ya rubuta abin da zai rubuta a allo ya koma bakin ƙofa yana danna waya. Wannan ya fi mai bulala illa, kuma ba wanda zai ɗauke shi a bidiyo.

Dabarun da ke hannun malamai

A kusan kowace makaranta akwai malami ɗaya ko biyu da ajinsu ke natsuwa ba tare da dorina ba, a ginin nan dai, da yaran nan dai. Idan ka lura da su za ka ga abubuwa ne masu sauƙi. Suna shiga aji a kan lokaci da aikin da za a fara nan take. Suna wahalar haddace sunaye, har da sunan uba da unguwa, domin "Sani na Malam Garba mai kayan miya, ina ganinka" ya fi bulala goma aiki. Suna ɗauko shugaban masu tsokana su ba shi muƙami, riƙon alli ko share allo ko monita, ya koma mai tsaron dokar da yake karyawa. Suna juya zama, na baya ya dawo gaba. Malaman ƙananan azuzuwa na da tafi da 'yar waƙar da ke dawo da hankalin yara cikin daƙiƙa kaɗan. In abu ya gagara, sukan taka har gida bayan la'asar, ko su bi ta wurin mai unguwa ko liman, ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a yi magana da uba cikin mutunci tun kafin rai ya ɓaci.

Akwai wata dabara da aka fara gwadawa a wani ajin firamare a Kansas ta Amurka, aka wallafa sakamakonta a 1969, aka kuma yi ta maimaita ta a ƙasashe da dama: a raba aji rukuni-rukuni, duk wanda ya yi magana ba izini ko ya tashi daga wurinsa a sa wa rukuninsa maki a allo, rukunin da ya fi ƙarancin maki ya samu wata 'yar alfarma, kamar fara fita tara. Ba ta cin ko kwabo, kuma tana juya matsin abokai ya koma bayan malam. Haka nan shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa, irin su Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, da tsarin raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajinsu, wanda aka gwada a Dawakin Tofa da Wudil a Jihar Kano, ba don gyaran hali aka kawo su ba. Amma yaron da aka ba aikin da zai iya yi, hannunsa da bakinsa sun samu abin yi.

Sai dai kada a ɗora wa dabara abin da ba za ta iya ɗauka ba. Malamin da ya fi kowa iyawa ma, in ka ba shi yara 120 a ƙasa, abin da zai iya shi ne rage ɓarna. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su ne ke da rajista, sun san makarantun da aji ɗaya ke ɗauke da yaran aji uku. Raba irin waɗannan azuzuwa, ko da ta hanyar karatun safe da na rana ne, da ɗaukar malamai, da sa benci, shi ne matakin ladabtarwa na farko, kafin kowace takardar hana bulala.

Ku kuma iyaye, kafin wannan zango ya ƙare, ku je makarantar 'ya'yanku ranar da ba taro ake yi ba. Ku tsaya a bakin taga minti goma, ku tambayi malam yara nawa ne a rajistarsa, ku ji ko ya san sunan naku. In kun dawo gida ku miƙa wa yaron littafinsa na aji ku ce ya karanta muku shafi ɗaya.